Fosfatas na tsami a labo: na kwalba ko na tsiro, kuma da me za a auna shi?

Ɗalibin master a Jami'ar André Salifou, ko ma'aikacin labo a nan Damagaram, in ya buɗe katalog ɗin masu sayar da sinadarai ya nemi phosphatase acide, wani anzim, wato furotin mai hanzarta aikin sinadarai a jikin halitta, zai tarar da kwalabe uku ko huɗu, kowace da lamba ɗaya, EC 3.1.3.2, amma kuɗinsu ya sha bamban. Wannan daga dankalin turawa, wancan daga idon alkama, wato ɗan wurin da tsiro ke fitowa, wani daga dankalin Hausa, wani kuma daga furostat, ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji. A takarda aikinsu ɗaya ne: su ɓalle fosfat daga jikin sinadarin da yake manne da shi, a cikin ruwa mai tsami, galibi 4.5 zuwa 6 a ma'aunin tsami na pH. Sai dai sunan ne kawai ya haɗa su. Ba dangi ɗaya ba ne, ba abu ɗaya ke hana su aiki ba, kuma ba kowace tambaya kowannensu ke amsawa ba.

Za mu kira shi fosfatas na tsami, ɗan'uwansa kuwa, mai lamba EC 3.1.3.1 da ke son pH 9 zuwa 10, fosfatas na kanwa.

Kafin a kashe ko dala, a tambayi kai: anzim ɗin kayan aiki ne da za a zuba wa wani abu, ko kuwa shi ne abin da za a auna a cikin ƙasa, tsiro ko jini? Yawancin binciken da ya dace da yankinmu na kashi na biyu ne. Mai auna fosfatas a ƙasar gonar gero ba ya buƙatar sayen anzim ko kaɗan, anzim ɗin na cikin ƙasar. Abin da yake buƙata shi ne abincin anzim mai kyau, wato sinadarin da zai ɓalle wa fosfat, da tampon, ruwan da ke riƙe pH, da sifektoro mai karanta launi. Da yawa sukan fara da odar kwalbar anzim mai tsada, ta iso daga Yamai ko Kano bayan ta sha zafin hanya, alhali kuɗin ya fi amfani a kan pNPP sabo, abincin anzim da aka fi gwaji da shi.

Na kwalba da na hannu

Wanda zai koyar da yadda anzim ke aiki, ko yake son ma'aunin da zai gwada sakamakonsa da na wasu ƙasashe, shi ne mai dalilin saye. A nan na dankalin turawa ya fi na alkama a ganinmu. Ya fi tsabta, ƙarfinsa a kowane miligiram yakan fi, kuma an daɗe ana aiki da shi wajen cire fosfat daga jikin furotin, kamar kazin ɗin madara. Na alkama ya fi araha, amma gauraye ne na nau'o'i da yawa masu ɗan bambancin hali, kuma mai arahar yakan zo da wasu anzim a ciki. Ga darasin aji wannan ba laifi ba ne. Ga mai son lissafa Km, wato yawan abincin da ke kai anzim rabin saurinsa, ya buga a mujalla, gauraye yakan ba da layin da ba ya miƙewa, a rasa dalili.

Na dankalin Hausa wani dangi ne daban. Yana cikin waɗanda ake kira masu launin shunayya, saboda ƙarafa biyu da ke zaune a tsakiyarsu. A na dankalin Hausa ƙarfe ne da manganis, a na jan wake ƙarfe ne da zinki, a na dabbobi kuwa duka biyun baƙin ƙarfe ne. Mai sha'awar yadda ƙarfe ke taya anzim aiki, nan ne wurinsa. Wanda ba wannan ya kawo shi ba, ba shi da dalilin biyan ƙarin kuɗin.

Abin da ya fi sunan tsiron muhimmanci a ƙasarmu shi ne yadda kayan ya zo. Akwai busasshen gari da ake ajiyewa a digiri 20 ƙasa da sifili, akwai kuma wanda ke zuwa cikin ruwan amoniyom salfat, ana ajiye shi a firigo tsakanin digiri 2 da 8. Busasshen ya fi jure tafiya da ɗaukewar wuta. Idan an narkar da shi, kada a narkar duka: a auna abin da za a yi aiki da shi a ranar, a narkar cikin ruwa mai sanyi, a aza bisa ƙanƙara. Daskarewa da narkewa sau da yawa na kashe shi sannu a hankali, kuma firizar da wuta ke zuwa tana ɗaukewa, daskarewa da narkewa take yi ba tare da kowa ya sani ba. Na cikin amoniyom salfat kuwa ba a daskarar da shi. Idan anzim ya yi ruwa-ruwa sosai yakan manne jikin kwalba ya ɓace, shi ya sa ake ƙara masa albumin, kimanin miligiram 1 a kowace mililita.

To, na hannu fa? Tsaba mai tsirowa cike take da fosfatas na tsami, domin da shi take kwance fosfat ɗin da ta ajiye ta ciyar da tsiro. Wake, gero, gyaɗa, duk ana samunsu a Kasuwar Dole. A jiƙa wake dare ɗaya, a shimfiɗa a tsumma mai laima kwana 3 zuwa 5, a cire ɓawo. A auna giram 10, a niƙa a turmin labo mai sanyi da mililita 40 na tampon asetat 0.1 M, pH 5.0. A tace da ƙyalle ninki huɗu, a juya a injin juyi minti 15 zuwa 20, a ɗebi ruwan da ya taru a sama. Wannan ruwan yakan yi ƙarfi har sai an tsinka shi sau 10 ko fiye kafin a auna.

Tampon ɗin ma ba wuya. Mililita 11.55 na tsantsar asid asetik a lita ɗaya ya ba da 0.2 M. Giram 27.2 na sodiyom asetat mai ruwa uku a lita ɗaya shi ma 0.2 M. A haɗa mililita 14.8 na farkon da 35.2 na biyun, a cika zuwa 100 da tataccen ruwa. A duba da na'urar pH, kada a dogara da lissafi kawai.

Ruwan tsiro na da cututtukansa guda uku. Na farko, yana ɗauke da fosfat nasa na asali, fosfat kuwa shi ne babban mai taka wa wannan anzim birki, domin yana zama daidai inda abincin ke zama. Alamar haka ita ce in an tsinka ruwan sau biyu, aikin bai ragu da rabi ba. Maganinsa diyaliz, wato a sa ruwan cikin jakar da ƙananan sinadarai kaɗai ke ratsawa, dare ɗaya cikin tampon mai sanyi. Na biyu, baƙi: dankalin turawa da aka niƙa yakan yi duhu cikin mintoci, launin ya shiga karatun sifektoro, sinadaran da suka haifar da shi kuma su ɗaure furotin. Jar dawa ta fi muni saboda tanin. Ana rage wannan da PVPP, garin da ke kama irin waɗannan sinadarai, giram 1 zuwa 2 a mililita 100 na ruwan niƙa. Na uku, ba ya daɗewa. A firigo kwana biyu ko uku, daga nan sai a sake niƙa. Mai son ɗan tsarkake shi sai ya yi amfani da amoniyom salfat: kimanin giram 200 a lita ya kai kashi 35 cikin ɗari na iya abin da ruwan zai narkar, a juya, a ƙara wa ruwan da ya taru a sama kimanin giram 155 ya kai wajen kashi 60, a sake juyawa. A auna aikin anzim a kowane dunƙule da kowane ruwan da ya taru a sama, kada a zubar da komai sai an ga inda ya sauka, domin kowane tsiro da nasa hali.

Hukuncinmu a nan a fili yake. Don koyarwa da binciken tsiro, na hannu ya wadatar, kuma ya fi koya wa ɗalibi aiki. Don cire fosfat daga furotin ɗin da aka sha wahalar tsarkakewa, kada a kusance shi da ruwan tsiro, domin akwai masu yanka furotin a ciki. Ko na kwalbar ma a haɗa shi da masu hana yankan, a yi aikin a pH 5.5 zuwa 6 in furotin ɗin ba ya jure tsami.

Abincin da za a ba shi

Zaɓin da ya fi tasiri a kan sakamako shi ne wannan, kuma a nan aka fi yin kuskure.

pNPP shi ne jakin aiki. Ba shi da launi, amma in anzim ya cire masa fosfat sai ya bar pNP, wanda ke zama rawaya cikin ruwa mai kanwa. Inda gizo ke saƙa shi ne pKa na pNP, wato pH ɗin da rabin launinsa ke fitowa, 7.15 ne, saboda haka a pH 5 kusan ba a ganin komai. Wanda ya zuba ido yana jiran rawaya ta bayyana a cikin tampon zai ce anzim ɗinsa ya mutu, alhali yana aiki. Sai an zuba NaOH, ruwa mai ƙarfin kanwa, ya kashe anzim, ya kuma fito da launin a lokaci guda. Wannan ke nufin kowace kwalba lokaci ɗaya take bayarwa. In ana son ganin tafiyar aikin, sai a jera kwalabe, a tsayar da su a minti 2, 5, 10, 15 da 20.

Hanyar da masu sayar da anzim ke bayyana ƙarfinsa da ita ga ta. Rabin mililita na tampon sitirat milimola 90, pH 4.8, da rabin mililita na pNPP milimola 15.2, wato miligiram 56.4 na gishirin mai ruwa shida a mililita 10. A bari su ɗumama a digiri 37, a zuba mililita 0.1 na anzim, a bar shi minti 10 cif, a tsayar da mililita 4 na NaOH 0.1 M, a karanta a nanomita 410. Kwalbar shaida, wadda ake ɗebe karatunta daga na gwajin, tana samun komai, sai dai ita ana zuba mata anzim bayan NaOH. A ce bambancin karatun ya fito 0.45: a ninka da 5.1, jimillar ruwan, a raba da 18.3 sau 10 sau 0.1, ya ba da 0.125. In an tsinka ruwan tsiron sau 10, ƙarfinsa ma'auni 1.25 ke nan a kowace mililita. Ma'auni ɗaya na nufin cin maikromol ɗaya a minti. Lambar nan 18.3 ta tsaya ne a kan kwalbar karatu mai faɗin santimita ɗaya da na'ura mai daidai. Tsohuwar na'ura mai gilashin tace haske ba lalle ta ba da haka ba, gara a zana layin ma'auni da pNP na gaske: miligiram 139.1 a lita ya ba da milimola ɗaya.

Zafin garinmu na shiga wannan lissafi fiye da yadda ake zato. Banmari, tukunyar ruwan ɗumi da ake tsoma kwalaben a ciki, ɗumamawa kawai yake yi, ba ya sanyayawa. A watan Afrilu da Mayu, in ɗakin ba shi da na'urar sanyi, ruwan kansa yakan wuce 37 da rana tsaka, allon na'urar na nuna 37 ɗin da aka saita, ruwan kuwa yana 40. Digiri uku na iya ƙara saurin anzim da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Sai a ga ƙasar da aka auna da hantsi ta bambanta da wadda aka auna da azahar, a ɗora bambancin a kan taki. A tsoma ma'aunin zafi na gilashi a ruwan, a yi aikin da sassafe, ko kuma a zaɓi digiri 40 a tsaya a kansa tun daga farko har ƙarshe, a rubuta haka a kundi.

pNPP kansa ba ya son zafi da haske. Garin da ya fara rawaya ya riga ya lalace, kwalbar shaida za ta yi ta hawa. Ƙwayoyin da ke zuwa a naɗe ɗaiɗai cikin takardar azurfa sun fi garin da ake buɗewa kullum, ko da sun fi tsada. A narkar a ranar aiki, a rufe kwalbar da takarda. Ruwan kuma ya zama tatacce: wasu rijiyoyin burtsatse na yankinmu da na Maraɗi an san su da fuloraid, miligiram 5 a lita ya kai kusan milimola 0.26, wanda ya isa ya rage aikin anzim ɗin. Tampon na fosfat kuwa kada ma ya shigo ɗakin. A lura kuma kada anzim ya ci fiye da kashi 10 cikin ɗari na abincinsa, in ba haka ba fosfat ɗin da ya saki ya fara danne shi, layin ya lanƙwashe. Karatun da ya haura 1 alama ce a tsinka a sake.

Laifin pNPP na gaske shi ne sauƙinsa. Kusan kowane fosfatas na cin sa, amma babu shi a gona ko a cikin hatsi. Wanda tambayarsa ita ce ko tsiro da jiƙo na rage fitat ɗin da ke cikin gero, wannan da ke ɗaure ƙarfe da zinki ya hana jiki amfana da su, pNPP ba zai amsa masa ba. Haka mai gwada fitas, anzim mai fasa fitat, da ake sa wa abincin kaji. Su dole su ba anzim sodiyom fitat, su auna fosfat ɗin da ya fito. Ma'aunin fitas, FTU, an tsayar da shi a kan fitat milimola 5.1, pH 5.5, digiri 37. Ruwan tsiro na iya cin pNPP da gudu ya kasa taɓa fitat.

Auna fosfat ɗin da ya fito hanya biyu ce. Ta molibdat da bitamin C, ta Murphy da Riley ta 1962, ana karanta shuɗinta a nanomita 880, kuma duk labon ƙasa ya san ta. Ta koren malakit ana karantawa tsakanin 620 da 650, ta fi gano kaɗan, har ƴan maikromola. Wannan kaifin nata shi ne kuma masifarta: sabulun gari mai fosfat da aka wanke kwalba da shi ya isa ya mai da kwalbar shaida kore. A jiƙa kayan gilashi cikin asid HCl mai ruwa, a ɗauraye sosai. Kuma tsamin ruwan gwajin na iya fasa abincin anzim irin ATP da makamantansa da kansa in an bar su suka daɗe. Ga labon da ya riga ya saba da hanyar molibdat, ba mu ga dalilin sauyawa ba sai in samfurin ƙarami ne ƙwarai.

Akwai wasu nau'o'in abincin anzim, MUP da DiFMUP, masu ƙyalli, waɗanda suka fi pNPP kaifi nesa ba kusa ba, DiFMUP ma ana bin aikinsa kai tsaye a cikin tsami ba sai an tsayar ba. Amma sai da na'urar auna ƙyalli. In babu ita, maganar ta ƙare.

Alfa-naftil fosfat kuwa wurinsa daban ne. In an haɗa shi da gishirin rini irin Fast Red TR, launin na fitowa nan take a cikin tsami, shi ya sa kit ɗin asibiti suka ɗauke shi tun hanyar Hillmann ta 1971. Danginsa kuma, masu barin rini a inda anzim yake ba tare da ya narke ba, su ake amfani da su wajen rina jel ko yankan nama a ga wurin da madubin labo.

Ƙasar gona: na tsami ko na kanwa, ko duka biyu

Ƙasar jigawa tamu yashi ce mai ɗan tsami, kuma ƙarancin fosfor na cikin manyan abubuwan da ke hana gero yi. Saiwar tsiro, in ta ji yunwar fosfor, takan fitar da fosfatas na tsami ta kwance abin da ke cikin ruɓaɓɓen ganye da taki. Na kanwa kuwa galibi ƙananan halittun ƙasa ne ke yin sa, ba saiwa ba. Wannan bambanci shi ke jagorantar zaɓi. Mai gwada irin wake ko gero wajen jure ƙasa maras fosfor, na tsami zai auna, a ƙasar da ke manne da saiwa. Mai aiki a kwarin Gidimuni ko na wajen Gure, inda kanwa ke fitowa a ƙasa, in ya auna na tsami kaɗai ya bar babban rabo. Wanda ke kwatanta jigawa da fadama ya auna duka biyun, tunda tampon kawai ake canzawa.

Hanyar Tabatabai da Bremner ta 1969, da gyaran da aka yi mata daga baya, ita ce kowa ke bi. Giram 1 na ƙasa, mililita 4 na tampon MUB, wanda ake iya saitawa a tsami ko a kanwa, a pH 6.5 don na tsami ko pH 11 don na kanwa, mililita 1 na pNPP 0.05 M, wato giram 0.928 a mililita 50. Awa ɗaya a digiri 37. Sai mililita 1 na CaCl2 0.5 M, sannan mililita 4 na NaOH 0.5 M, a tace, a karanta wajen nanomita 410. Jerin zubawar ba wasa ba ne: kalsiyom ke hana laka bazuwa ta kuma hana NaOH jawo launin ruɓaɓɓen ganye, in an mance shi ruwan ya fito kamar shayi. Kwalbar shaida tana samun pNPP ɗinta ne bayan NaOH, dab da tacewa, kuma kowace ƙasa da shaidarta. Tsohuwar hanyar na sa mililita 0.2 na toluwen don hana ƙananan halittu yaɗuwa, da yawa yanzu suna barin sa tunda awa ɗaya ce.

Abin da ke ɓata wannan gwaji yakan faru ne tun kafin a shiga labo. Ƙasar da aka ɗebo daga Mirriya ko Magarya aka bar ta cikin leda a bayan mota da rana, ko aka shanya ta a rana, ba ita ce ƙasar da ke gona ba. A sa ta a akwatin sanyi, a tankaɗe da rariya mai milimita 2, a ajiye a digiri 4, a auna cikin ƴan kwanaki, a busar da wani kashi daban don lissafin laima. Ƙasar rani da ta damina ba a kwatanta su kai tsaye. Yashin jigawa yakan ba da rawaya mai rauni, ana iya tsawaita lokacin zuwa awa biyu in an tabbatar layin na miƙe. Lakar fadama kuma takan riƙe wani ɓangare na pNP, shi ya sa ya fi kyau a zana layin ma'auni tare da ƙasar a ciki.

Jini, ƙashi da tartarat

A jikin mutum fosfatas na tsami aƙalla iri huɗu ne da suka shafi labo: na furostat, na lizozom (ƴan jakunkunan narkar da abubuwa a cikin ƙwayar halitta), na jajayen ƙwayoyin jini, da na ƙwayoyin da ke cin ƙashi, wanda ake kira TRAP. Abin da ke rarrabe su da araha shi ne L-tartarat, milimola 20 zuwa 50. Yana kwantar da na furostat da na lizozom, ba ya taɓa TRAP da na jajayen ƙwayoyi. A auna sau biyu, da tartarat da babu, a ɗebe. Na jajayen ƙwayoyi kuwa fomaldehaid da jan ƙarfe ke kashe shi.

Tarihin na furostat a asibiti babba ne. A 1938 Gutman da matarsa suka nuna yana hawa a jinin masu ciwon dajin furostat da ya bazu, ya zama alamar daji ta farko da aka riƙa aunawa a jini. Amma yakan hau ne bayan ciwon ya yi nisa, shi ya sa PSA, wani furotin na furostat da ake aunawa a jini, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1986, ya karɓe wurinsa. Don gano ciwo ko bin majiyyaci a yau, PSA za a zaɓa, ba gardama. Wanda duk da haka zai auna na furostat don bincike ya sani shi ne mafi saurin lalacewa a cikinsu. Ruwan jini da aka bari a buɗe yakan rasa iskar kabon, pH ya hau, anzim ɗin ya mutu cikin awoyi kaɗan a zafin ɗaki. A raba shi da ƙwayoyin jini da wuri, a sa masa ruwan tsamin da kit ya zo da shi. Jinin da ya fashe ya yi ja ba ya aunuwa, haka wanda aka ɗiba a kwalba mai murfin toka-toka ta gwajin sukari, domin fuloraid ne a ciki. Taɓa furostat da yatsa ko sa robar fitsari na iya ɗaga shi na kwana ɗaya ko biyu.

TRAP ne ya fi rai a binciken yau. Da shi ake rina ƙwayoyin da ke cin ƙashi a ƙirga su, nau'insa na 5b a jini na nuna saurin zaizayar ƙashi, kuma yana hawa a cutar Gaucher da wani nau'in dajin jini mai ƙwayoyi masu gashi. A nan pNPP da tartarat na ba da kimantawa ce kawai, tunda na jajayen ƙwayoyi shi ma yana tsallake tartarat. Mai son 5b shi kaɗai sai kit mai garkuwar jiki.

Na lizozom yana da wata ɗabi'a da ke ruɗa sabon hannu. Christian de Duve, a Louvain ta Beljiyam, ya ga aikin anzim ɗin a niƙaƙƙiyar hantar ɓera ya yi ƙasa ƙwarai a ranar farko, bayan kwanaki a firigo sai ya hau. Daga nan ya gane a cikin jaka yake a kulle, ya raɗa mata suna lizozom a 1955, ya samu kyautar Nobel a 1974. Har yau duk mai auna shi a nama sai ya fasa jakar da Triton X-100, wani sabulun labo, kashi 0.1 cikin ɗari, in yana son jimilla. Wannan dabara ce kuma aka mayar hanyar ƙirga ƙwayoyin halitta masu rai a faranti mai ramuka 96: asetat 0.1 M, Triton, pNPP milimola 5, awa ɗaya da rabi zuwa biyu a digiri 37, maikrolita 10 na NaOH 1 M, a karanta a 405. Ta fi MTT, wata hanyar ƙirga ƙwayoyi masu rai da rini, araha, ba ta buƙatar narkar da lu'ulu'u, sai dai in ruwan wankin da ya rage a ramin mai fosfat ne, karatun zai sauka.

Gwajin tabon maniyyi a binciken laifi shi ma a kan wannan anzim ya tsaya, da alfa-naftil fosfat da Fast Blue B, tabon ya yi shunayya cikin ƙasa da minti ɗaya ko biyu. Nuni ne kawai, ba hujja ba, domin ruwan wasu tsirrai da ruwan jikin mace na iya ba da launin a hankali. Sai an ga ƙwayar maniyyi da madubi ko an yi gwajin PSA.

Mai shirin cire fosfat daga bakin DNA kafin ya haɗa shi da wani, shi kam ya bar na tsami gaba ɗaya. Tsami na ɓalle wa DNA wasu haruffansa, na kwalbar kuma ba a tsarkake shi daga masu yanka DNA ba. Na kanwa da ake samu daga jatan lande shi ne na wannan aiki: yana aiki a pH ɗin da DNA ke so, kuma minti 15 a digiri 65 na kashe shi. Yana buƙatar zinki da magneziyom, saboda haka EDTA, mai kama ƙarafa, da ya rage a ruwan DNA ɗin na iya hana shi motsi. Haka mai duba ko madara ta dahu yadda ya kamata, na kanwa zai auna, domin na tsamin da ke cikin madara yana tsallake zafin da ake kashe ƙwayoyin cuta da shi.